Rumbun ajiyar bayanai na waje: Amfaninsa da kuma haɗarin da ke tattare da shi

Miliyoyin mutane a duniya sun dogara ne da ɗan akwatin nan da ake jona wa kwamfuta ta kebul wajen adana hotuna da takardu da finafinai. To sai dai duk da araharsa da sauƙin ɗaukarsa, masana harkar kwamfuta na gargaɗin cewa babban kuskure ne mutum ya mayar da shi wuri ɗaya tilo da yake ajiye abin da ba ya son ya rasa.

Rumbun ajiyar bayanai na waje, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da had-disk, ya zama ruwan dare a tsakanin masu mu'amala da kwamfuta. Mai ɗaukar hoton biki a cikinsa yake tara ayyukan abokan cinikinsa. Mai tace fim a Kano a cikinsa yake zuba duk abin da aka ɗauko a wurin aiki. Haka ma ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, da akantan ma'aikata, da kuma mutumin da ya shafe shekaru yana tattara karatuttukan tafsirin watan azumi.

Abin da galibi ke faruwa shi ne, idan kwamfuta ko waya ta cika, sai mai ita ya kwashe abubuwan da ke ciki ya zuba a rumbun waje, sa'an nan ya goge na asali domin ya sami wuri, hankalinsa kwance cewa ya adana kayansa. Alhali kuwa abin da ya yi bai wuce sauya musu ɗaki ba. Kwafi ɗaya yake da shi a da, kuma kwafi ɗaya yake da shi a yanzu, a cikin na'urar da ta fi kwamfutar saurin faɗuwa ƙasa da kuma saurin ɓata.

Daga nauyin tan guda zuwa aljihun riga

A shekara ta 1956 ne kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fito da rumbun ajiya na farko mai amfani da faifai, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Reynold Johnson a birnin San Jose na jihar Kalifoniya. Na'urar tana ƙunshe da faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinta kuma ya kai kusan tan guda. Amma duk da wannan girma, abin da take iya ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, wato kwatankwacin hoto ɗaya ko biyu na wayoyin zamanin yau.

A 1980 kamfanin Seagate ya ƙera rumbun da zai iya shiga cikin ƙaramar kwamfuta, mai ɗaukar megabayit 5, wanda aka sayar a kan dala 1,500. Sai dai abin da ya kai rumbun waje hannun kowa da kowa shi ne ƙirƙiro kafar USB a 1996, musamman ma samfurinta na biyu da ya fito a shekara ta 2000, da na uku a 2008, wanda ya ninka na biyun sauri kusan sau goma. A 2007 kamfanin Hitachi ya fito da rumbu na farko mai ɗaukar terabayit 1, wato gigabayit 1,000.

A halin da ake ciki yanzu kamfanoni uku ne kacal suka rage a duniya da ke ƙera irin wannan rumbu mai faifai, wato Seagate da Western Digital da kuma Toshiba. Duk wani suna na dabam da aka gani a jikin akwatin, to abin da ke cikinsa daga ɗayan ukun nan ya fito. Duniya ta ga illar tattaruwar wannan sana'a a wurare ƙalilan a 2011, lokacin da ambaliyar ruwa ta mamaye masana'antu a ƙasar Tailan, lamarin da ya sa farashin wasu rumbunan ya kusan ninkawa cikin 'yan makonni.

Yadda yake aiki

Wanda ya san garmaho ba zai sha wahalar fahimtar abin da ke cikin akwatin ba. Akwai faifai, ɗaya ko fiye, da aka shafe da sinadari mai maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 a cikin minti ɗaya a yawancin ƙananan rumbuna. Akwai kuma wani siririn hannu mai kai kamar allura, wanda ke kai da kawowa yana rubutu yana karantawa. Bambancinsa da garmaho shi ne, wannan allura ba ta taɓa faifan ko kaɗan. Tana shawagi ne a kan iskar da juyawar faifan ke tayarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi kaurin gashin kan ɗan Adam ƙanƙanta sau dubbai.

A nan ne ƙarfin na'urar yake, a nan ne kuma rauninta yake. Kusancin allurar da faifan shi ke ba da damar cusa bayanai masu ɗimbin yawa a ɗan ƙaramin wuri. Amma da zarar rumbun ya bugu ko ya faɗo daga kan tebur a lokacin da yake aiki, allurar na iya gogar faifan ta kankare shi, kuma duk abin da ke wurin da aka kankare ya tafi ke nan.

Rumbun waje iri biyu ne. Akwai ƙarami mai faifan inci 2.5, wanda ke samun wutarsa daga kwamfuta ta kebul ɗin USB, kuma yakan ɗauki daga terabayit 1 zuwa 5 ko 6. Akwai kuma babba na kan tebur mai faifan inci 3.5, wanda sai an jona shi da wutar lantarki, kuma wasunsa na ɗaukar fiye da terabayit 20.

Amfaninsa

Babban abin da ke jan hankalin masu saye shi ne yawan abin da yake ɗauka idan aka kwatanta da kuɗinsa. Rumbu mai terabayit 1 zai iya ɗaukar hotuna kimanin 250,000 masu nauyin megabayit 4 kowanne, ko kuma bidiyo na sa'o'i 500 idan kowace sa'a ta ci gigabayit 2. Ya zuwa yanzu babu wata na'urar ajiya da mutum zai saya ya kai gida wadda ta fi shi araha a kan kowane terabayit. Kazalika sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, saɓanin ajiya a rumbunan kamfanonin intanet da ake biya duk wata ko duk shekara, bayan ɗan abin da suke bayarwa kyauta, kamar gigabayit 15 na Google da gigabayit 5 na Apple.

Abu na biyu shi ne ba ya bukatar intanet, wanda kuma ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, inda kuɗin data ke da tsada, layin kuma ba kullum yake da ƙarfi ba. Ga misali, tura terabayit 1 ta layin intanet mai saurin megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki fiye da kwana 9 ba dare ba rana, idan har layin bai yanke ba. Amma kwafe wannan adadi zuwa rumbun waje ba zai wuce sa'o'i biyu zuwa uku ba idan fayilolin manya ne.

Hatta manyan masana kimiyya sun shaida hakan. A watan Afrilun 2017 wasu cibiyoyin hangen sararin samaniya guda 8 a sassa daban-daban na duniya suka tattara bayanan da aka yi amfani da su wajen haɗa hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya, wanda aka nuna wa duniya a 2019. Bayanan sun kai kusan terabayit 5,000, don haka maimakon a tura su ta intanet, sai aka loda su a cikin rumbuna aka ɗauke su a jiragen sama zuwa cibiyoyin bincike biyu, ɗaya a jihar Masachusets ta Amurka, ɗaya kuma a birnin Bonn na Jamus.

Abu na uku shi ne kayan mutum na hannunsa. Babu kamfanin da zai rufe masa asusu, ko ya ƙara masa farashi, ko ya sauya masa sharuɗɗa. Har ila yau, rumbun da aka cire aka ajiye a aljihun tebur ya fi ƙarfin masu kutse. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, ciki har da na asibitocin gwamnatin Birtaniya, inda masu ita suka nemi a biya su kuɗin fansa. Irin wannan manhaja takan kulle duk wani rumbu da ta tarar a jone da kwamfuta, amma ba ta da yadda za ta yi da wanda aka cire.

Illolinsa

A ɗaya hannun kuma, duk na'urar da ke da abin juyawa a cikinta wata rana za ta tsaya. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda tun 2013 yake wallafa alƙaluman rumbunan da yake amfani da su, ya nuna cewa a 'yan shekarun nan tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na rumbunan nasa ne ke mutuwa a kowace shekara. Abin lura a nan shi ne, waɗannan rumbuna suna zaune ne wuri ɗaya, a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta yankewa. Rumbun da ke yawo a cikin jaka a bayan babur halinsa dabam ne.

Sa'an nan ba kullum ne rumbu ke ba da alamar zai mutu ba. Wani bincike da injiniyoyin kamfanin Google suka wallafa a 2007, bayan nazarin rumbuna sama da 100,000, ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka lalace ba su nuna wata alamar gargaɗi ba a tsarin da aka tanada a cikinsu domin lura da lafiyarsu.

Akwai kuma masu zaton cewa idan aka cika rumbu aka kulle shi a akwati, to zai dawwama. Wannan ma ba haka yake ba, domin man da ke cikin injinsa kan daskare, sassansa kuma kan cije saboda daɗewa ba a kunna ba. A 2024 kamfanin Iron Mountain, wanda ke adana kayan tarihi na manyan kamfanonin kiɗa, ya bayyana cewa kimanin kashi 20 cikin 100 na rumbunan shekarun 1990 da aka kawo masa ba sa karantuwa.

Yanayin ƙasa ma na da tasiri. Da yawa daga ƙananan rumbunan da ke kasuwa an ƙayyade cewa su yi aiki ne a yanayin da zafinsa bai wuce digiri 35 ko 40 a ma'aunin Selsiyos ba, alhali a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi kan zarce digiri 40 a lokacin bazara. Barin rumbu a cikin mota a tsakar rana, ko aiki da shi a kan katifa inda iska ba ta ratsa shi, na rage masa kwana. Ɗaukewar wutar lantarki ba zato ba tsammani, ko kuma dawowarta da ƙarfi, na yin barazana musamman ga babban rumbu na kan tebur. Haka nan fizge kebul a lokacin da ake tsakiyar kwafi na iya birkita tsarin fayilolin, ta yadda kwamfuta za ta daina gane rumbun baki ɗaya.

Sata da tonon asiri

Sauƙin ɗaukar rumbun waje shi ne kuma sauƙin sace shi. A watan Mayun 2006 ɓarayi suka shiga gidan wani ma'aikacin ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka a jihar Maryland, suka yi awon gaba da kwamfuta da kuma rumbun waje mai ɗauke da sunaye da ranakun haihuwa da lambobin shaida na mutane miliyan 26.5, ba tare da an kulle bayanan ba. Ko da yake an gano kayan bayan 'yan makonni, a 2009 sai da ma'aikatar ta amince ta biya diyyar dala miliyan 20.

Kalmar sirrin da ake buɗe kwamfuta da ita ba ta kare rumbun waje. Duk wanda ya tsince shi, ya jona a tasa kwamfutar, zai ga komai. Maganin wannan shi ne kulle rumbun kansa da manhajar da ke rikiɗa bayanai, kamar BitLocker da ke cikin wasu nau'o'in Windows, ko VeraCrypt da ake samu kyauta. Sai dai duk wanda ya yi haka ya kuma manta kalmar sirrinsa, to ya kulle kansa a waje.

Sayar da tsohon rumbu ma na da nasa haɗarin, domin goge fayil ba ya nufin ya ɓace. A 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun ba da rahoton cewa sun sayi tsofaffin rumbuna 158, inda suka tarar 12 ne kawai aka share yadda ya kamata. A cikin sauran kuwa sun tono dubban lambobin katunan banki da bayanan marasa lafiya da wasiƙun mutane.

Araha ba ta ado

Wata matsalar kuma ita ce ta jabu. Akan sami akwatin da aka rubuta masa terabayit da yawa a kan kuɗi kaɗan, amma idan aka buɗe sai a tarar da ɗan ƙaramin filash da guntun ƙarfe da aka manna domin ya yi nauyi. An shirya shi ne ya yi wa kwamfuta ƙarya game da girmansa, kuma da zarar ainihin wurin ya cika, sababbin fayiloli sai su riƙa hawa kan tsofaffi, ko su ɓace, mai shi bai sani ba sai ranar da ya zo buɗewa. Ana iya gwada sabon rumbu da manhajar kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika shi da bayanai sa'an nan ta karanto su, kafin a zuba masa wani abu mai muhimmanci.

Amma idan mutum ya sayi rumbu mai terabayit 1 ya ga Windows ta nuna gigabayit 931, wannan ba ha'inci ba ne. Bambancin lissafi ne kawai, domin masu ƙerawa na ƙirgawa ne da 1,000, ita kuwa Windows da 1,024.

Shin SSD ko intanet sun fi?

A yau akwai wani nau'in rumbun waje da ake kira SSD, wanda ba shi da faifai ko allura, yana ajiye bayanai ne kamar yadda filash da memorin waya ke yi. Ya fi mai faifai sauri sau da dama, kuma ya fi jure faɗuwa, don haka ya fi dacewa da mai yawan tafiye-tafiye. To amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, sa'an nan idan ya mutu yakan mutu ne farat ɗaya, kuma ceto abin da ke cikinsa ya fi wuya. Bugu da ƙari, idan aka ajiye shi shekaru ba a jona shi da wuta ba, musamman a wuri mai zafi, bayanansa na iya fara zubewa.

Su ma rumbunan kamfanonin intanet ba su tsira ba, domin a ƙarshe su ma na'urori ne a cikin wani gini. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, kuma wasu abokan cinikin da ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar bayanansu har abada.

Ka'idar 3-2-1

Tun da yake babu na'urar da ba ta lalacewa, masana sun fi mayar da hankali ga yawan kwafi maimakon neman rumbun da ba ya mutuwa. Ka'idar da aka fi sani ita ce ta 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata a shekarun 2000. Ma'anarta ita ce a mallaki kwafi 3 na duk wani abu mai muhimmanci, a kan na'urori iri 2, kuma kwafi 1 ya kasance a wani wuri na dabam.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Rumbun da ke cikin jaka ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. Wanda ke cikin shago ɗaya da ita kuma, wuta ɗaya ce za ta cinye su, ko ruwa ɗaya ya tafi da su. Gobarar da ta ƙone dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, da ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau, sun isa misali na yadda dukiyar da aka tara wuri ɗaya kan salwanta a dare ɗaya.

Kamfanin shirya finafinai na Pixar ya taɓa ganin amfanin kwafin da ke nesa. A 1998 aka yi kuskuren goge kusan kashi 90 cikin 100 na fayilolin fim ɗin Toy Story 2, sa'an nan aka gano cewa kwafin da kamfanin ke dogaro da shi ya daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya ceci aikin shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Darasi biyu ke cikin wannan labari: a ajiye kwafi a wani wuri, a kuma riƙa buɗe shi lokaci-lokaci domin a tabbatar yana aiki.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, ba lallai ne sai ya kwafe komai sau uku ba. Finafinai da waƙoƙin da za a iya sake samu a wurin masu turi ba sa bukatar hakan. Abin da ke bukata shi ne wanda babu inda za a sake samunsa, kamar kundin bincike, da takardun fili da na makaranta, da lissafin kasuwanci, da hotunan iyaye da muryoyinsu. Sau da yawa irin waɗannan ba su wuce 'yan gigabayit ba, don haka za su iya zama a kwamfuta, da rumbun waje, da kuma wurin ajiya na kyauta a intanet ko wani filash da aka bai wa ɗan'uwa ajiya.

Idan rumbu ya fara ciwo

Alamomin da aka fi gani sun haɗa da ƙara mai kama da ƙwas-ƙwas, da nauyi wajen buɗe fayil, da kuma yawan ɓacewa daga kwamfuta yana dawowa. Matakin farko shi ne a gwada wani kebul da wata kafar, domin sau da yawa matsalar daga nan take. Idan har yana buɗewa, sai a hanzarta kwashe abubuwa mafi muhimmanci tukuna. Idan kuwa yana ƙara amma ba ya buɗewa, to a cire shi nan take, domin kowace kunnawa na iya ƙara kankare faifan.

Idan kwamfuta ta nemi a yi masa fomat, kada a amince matuƙar akwai abin da ake so a ciki. Kada kuma a buɗe murfin da ke rufe da faifan a gida ko a teburin mai gyara, saboda ƙura ƙwaya ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin allura da faifai girma, balle a lokacin hunturu. Ƙwararrun masu ceto bayanai na yin wannan aiki ne a ɗaki na musamman da aka tace iskarsa, kuma kuɗin aikin kan ninka farashin sabon rumbu sau da yawa, ba tare da tabbacin za a dace ba.

Masu iya magana dai kan ce ajiya maganin wata rana. Rumbun waje na cika wannan magana ne idan ya kasance na biyu, wato akwai kwafin abin da ke cikinsa a wani wuri. Amma wanda ya kwashe komai ya zuba a cikinsa ya goge na asali, to tamkar manomi ne da ya tara amfanin gonarsa na shekara goma a rumbu ɗaya, bai kuma taɓa leƙawa ya ga ko gara ta shiga ba.